Fable ko Witcher 3, wanne ke sa mutum ya ji nauyin abin da ya zaɓa?

Ƙanena sayi Witcher 3 kawai, kar ka tsaya dogon lissahi. Duka gem ɗin biyu na buga.

Fable tun 2004 ya hito, shi sikelin auna kirki da mugunta gare shi. Ka taimaki mutane maki ya hau, haske ya zagaye ma kai, ka kashe na ƙauye ƙaho ya tsiro ma har ƙudaje su riƙa bin ka. Kwana biyun farko da daɗi, daga nan sai ka gano dabarar, don ko ka gama ɓarna kai ta cin awara kana kai kuɗi wurin bautarsu sai makin ya sake hawa. Wallahi awara. Kuma babu shi ga PS4, sai Xbox ko kwamfuta.

Witcher 3 kuwa na 2015 ne, mutanen Poland sunka yi shi, ba maki ba sikeli, ba wanda zai ce ma ka kyauta ko ka ɓata, sai can gaba abin ya biyo ka. Ni da bazara na buga shi, zahin Sakkwato ka dai sani, ba wuta, janareta na ta ƙara, na iske wani aljani ɗaure ƙarƙashin icce shina roƙo in sake shi zai ceci marayun da wasu mayu ukku ke shirin cinyewa. Na ce ai wanga ko tunani ba ya so, marayu fa! Na sake shi. Yaran sun tsira kam, amma sai da ya gama da ƙauye guda, matar Baron, mai mulkin yankin, ta mutu, shi kuma na koma gidanai na tarar ya rataye kai. Aje kwantirola na yi na hita waje shan iska, ga shi na riga na yi sebin bisa tsohon. Hatta ƙarshen labarin Ciri, yarinyar da jarumin gem ɗin ya rena, ƙananan abubuwa ke juya shi, irin ka yi wasan jihwa da ƙanƙara da ita ko ka ƙi.

Sai dai kula da masu loda gem, wani zai ce ma ya sa maka har abada alhali akawun ɗinai ne da ya raba ma mutum goma, sati biyu kwaɗo ya hito bisa gem ɗin, ka kira ba a ɗauka. An yi min. Nemi faifai ko na hannu ne, a sa shi gabanka ya buɗe kahin ka ba da ko sisi.