Kwas ɗin hanyoyin bincike ko na SPSS: amsa ga Sista mai shirin fara aikin digiri na biyu

Sista, tunda kin ce kuɗin kwas ɗaya ke hannunki, ko na falsafar kimiyya da hanyoyin bincike ko na koyon SPSS, wato manhajar lissafin alƙaluman bincike, ki biya na hanyoyin binciken. Ni duka biyun na yi, sai dai ta wutsiya na ɗauko su, kuma na ji a jikina.

Na SPSS na fara biya, don a lokacin gani nake bincike bai wuce tebur da alƙaluma ba. Na koyi shigar da bayanai, na san inda ake latsawa lissafi ya fito. Iyakarsa ke nan, kuma abu ne da za ki iya koya da kanki cikin ƴan kwanaki da bidiyon kyauta.

Da zafina na fito, na tsara takardar tambayoyi kan yadda masu hawan jini ke shan maganinsu. Kusan wata biyu ina tare mutane a bencin jiran likita, ana cikewa ina tarawa. Sakamako ya fito tas: yawancinsu suna shan magani yadda aka umarce su. Da fayil ɗin a hammata na shiga kwas na biyu, ina jiran yabo. Malamarmu, wata dattijuwa da tabarau ba ya barin kan hancinta, shafin farko kawai ta duba, ta ɗago ta ce: "Waɗanda suka daina shan maganin, a ina ka gamu da su?" Na yi tsit. Wanda ya watsar da magani ai ba ya zuwa ganin likita. Ashe bakin rijiya na tsaya ina ƙirga masu guga. SPSS kuwa ba ta ce min uffan ba, ba kuma laifinta ba ne, abin da ka zuba mata shi take niƙawa. Malamar ba ta yi min dariya ba. Kujera ta jawo bayan an tashi, muka yi awa guda a kan jimla ɗaya, wato tambayar binciken kanta.

Akwai tambayar da take yi wa kowa kafin ya taɓa kwamfuta: wane sakamako ne, in ka gani, za ka yarda hasashenka ba daidai ba ne? Tushenta wurin masanin falsafa Karl Popper yake, wanda tun 1934 ya ce abin da ke sa magana ta zama ta kimiyya shi ne a iya gwada ta a gano in ƙarya ce. Maganar da kome ya faru za ta ce "ai dama na faɗa", ba ta faɗi komai ba.

Da labarin likita Ignaz Semmelweis ta shigar mana da wannan a kai. A babban asibitin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ɓangaren haihuwa biyu ne: ɗaya ɗaliban likita ke aiki a ciki, ɗaya ungozomomi. Zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe mata a ɓangaren likitocin fiye da ninki biyu na ɗayan. Aka ce tsoron ƙararrawar fada ce, wato limamin coci, mai wucewa zuwa wurin masu gargara. Semmelweis ya sa fadan ya sauya hanya ya bar ƙararrawa, mutuwa ba ta ragu ba. Aka ce yadda ake kwantar da mai naƙuda ne, ya sauya kwanciyar, babu canji. Sai a 1847 abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya mutu bayan wuƙa ta yanke shi wajen binciken gawa, da alamu irin na matan. Nan ya yi hasashen cewa hannun ɗaliban da ke fitowa daga ɗakin gawa ne ke kai cutar. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka sauko ƙasa warwas. Ki lura, kowane hasashe sai da ya ba shi damar faɗuwa.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne gwajin CAST na Amurka. Likitoci sun san bugun zuciya marar tsari bayan ciwon toshewar jijiyar zuciya alama ce ta haɗari, kuma magungunan encainide da flecainide suna daidaita bugun a na'urar auna zuciya. Hankali ya ce to ai za su ceci rai. Da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su maganin, wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, sai aka ga masu shan maganin sun fi mutuwa. A 1989 aka dakatar da ba da su a gwajin. Takardar na'ura ta yi kyau, mutum ya tafi. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko abin da nake aunawa shi ne abin da ya dami marar lafiya.

A nan ne kuma za ki gane cewa ƙimar p (lambar da ake dubawa a ga ko sakamako ya wuce dace kawai) ta sauka ƙasa da 0.05 ba ta nufin wannan ne ya jawo wancan. Masu yawo da ashana a aljihu za su fi kamuwa da kansar huhu, amma taba ce a tsakani. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya jera abubuwa 9 a 1965 da ake dubawa kafin a ce abu ya haddasa cuta, kuma wanda ba ya ɗaguwa a cikinsu shi ne sanadi ya riga sakamako zuwa. Binciken da aka yi tambaya sau ɗaya a lokaci ɗaya, irin wanda yawancinmu ke yi, da wuya ya nuna wanne ya riga.

Ba zan ɓoye miki ba, kwas ɗin yana da makonnin hamma. Sa'ad da aka shiga muhawarar mece ce gaskiya da yadda ake saninta, na yi gyangyaɗi ba sau ɗaya ba. Amfaninta ya fito daga baya, da na gane tambayata ta "me ya sa suke dainawa" ba ta ƙirge ba ce, ta zama a yi doguwar hira da mutum ce. Haka na sake aikin, na nemo waɗanda suka ɓace daga rajista, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince.

In lokacin lissafi ya zo, duba ko makarantarku na da lasisin SPSS. In babu, manhajojin jamovi da JASP kyauta ne kuma latse-latse ne kamar ita. Manhajar R ma kyauta ce, sai dai tana son haƙuri.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da mutum uku. Na farko mai tallan SPSS a filashi da sunan lasisi na har abada. Ta sata ce, tana iya tsayawa ana gobe miƙa aiki, wani lokaci da bairos a ciki, ga bayanan marasa lafiya a kwamfutarki. Na biyu mai cewa kawo bayananki ya fitar miki da sakamako mai ma'ana tabbas. Wanda ya yi alkawarin sakamako kafin ya ga bayanai, murɗe su zai yi, kuma ke za ki tsaya gaban masu jarrabawa, ba shi ba. Na uku masu kwas ɗin hanyoyin binciken su kansu, don a cikinsu ma akwai masu sayar da satifiket kawai. Kafin ki biya, nemi jadawalin darussa. Tambayi ko za ki rubuta tsarin bincikenki wani ya gyara da jan biro, ko za a ba ku takardun da aka wallafa ku tsefe su, ko za a karanta ƙa'idojin Helsinki na 1964 kan bincike a jikin ɗan Adam. Nemi sunan mai koyarwar ki bincika a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ko ya taɓa wallafa wani abu. In suka fara kame-kame, riƙe kuɗinki.

In kin samu wanda ya cika waɗannan, yi rajista, ki tafi ajin farko da tambayar bincikenki a rubuce cikin jimla ɗaya. Kada ki buga takardar tambayoyi ko guda sai malamin ya gani.