QuickBooks Online ga Ma'aurata 'Yan Jinsi Ɗaya Masu Ƙaramar Sana'a a Amurka

Wajen rubuta shiga da fitar kuɗi, QuickBooks Online, manhajar ajiyar lissafi ta kamfanin Intuit, tana aikinta yadda ya kamata. Ana haɗa ta da asusun banki da katin bashi, ta riƙa janyo kowace hada-hada da kanta, mai sana'a ya ware kuɗin haya daban, na kaya daban. Ana ɗaukar hoton rasit da waya a liƙa shi a kan cinikin da ya dace. Duk ƙarshen wata a gwada littafi da takardar banki har su daidaita. Kada a tsallake wannan gwajin, domin nan ake kama cinikin da ya shiga sau biyu.

Inda take da rauni shi ne, kasuwanci ɗaya take gani. Ba ruwanta da ko masu shi ma'aurata ne, alhali wannan ne ke nuna irin takardun da za a miƙa wa hukumar haraji ta IRS.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Windsor a 2013, IRS ke ɗaukar auren jinsi ɗaya da aka ɗaura bisa doka daidai da kowane aure, hukuncin Obergefell na 2015 kuma ya game dukkan jihohi. Duk wanda ke da aure ranar 31 ga Disamba, mai aure ne a shekarar baki ɗaya: ko su cike takarda ɗaya tare, ko kowa tasa a matsayin mai aure. Waɗanda suka yi rajistar zaman tare kawai ba tare da aure ba, gwamnatin tarayya ba ta ƙirga su cikin ma'aurata.

Abin da ya fi rikita irin waɗannan ma'aurata shi ne, sau da yawa sana'ar ta girmi auren. An buɗe littafin tun doka ba ta san da su ba, ko da sunan mutum ɗaya, ko a matsayin abokan tarayya, kuma manhajar ba za ta taɓa tuna masu cewa tsarin ya tsufa ba.

Idan su biyu suka mallaki sana'ar, asalin hukunci shi ne tarayya ce: a cike fom 1065 na harajin tarayyar, kowa da takardarsa ta K-1 mai nuna kasonsa, wa'adi 15 ga Maris. Tarar latti ta haura dala 200 a kan kowane mutum a kowane wata, har wata 12. Amma tun 2007 akwai hanya mafi sauƙi, wato haɗin gwiwar ma'aurata. Sharuɗɗanta: su biyu kaɗai ne masu sana'ar, dukansu suna aiki a cikinta da gaske, suna cike takardar haraji tare, kuma ba a yi mata rajistar LLC ba, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki. Sai kowa ya cike Schedule C (takardar riba da asara) da Schedule SE (takardar harajin mai zaman kansa) nasa gwargwadon kasonsa. Masu LLC ba su samun wannan, sai dai a jihohi tara masu dokar dukiyar aure ta haɗaka, irin su Kalifoniya da Tekzas, akwai sassaucin da ke ba su damar kauce wa fom 1065.

Wannan rabon ba ƙaramin abu ba ne. Harajin mai zaman kansa kashi 15.3 ne cikin ɗari, kuma shi ke tara wa mutum makin fansho da inshorar lafiyar tsufa. Ana buƙatar maki 40 kafin a cancanci fansho, ba a samun fiye da 4 a shekara. In aka zuba ribar duka a kan sunan mutum ɗaya, ɗayan ya yi ta wahala shekara da shekaru ba a rubuta masa komai ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne damun mu, domin ba ya bayyana sai tsufa ya zo.

QuickBooks ba ta yin wannan rabo. Rahoton riba da asara guda ɗaya take fitarwa, sai an raba kowane layi da hannu. Don haka tun farko a buɗe wa kowa asusun jari da asusun cire kuɗi na kansa. Kuɗin da mai sana'a ya cira don cefane ba albashi ba ne, ba kuma kuɗin gudanarwa ba ne. In aka sa shi cikin kuɗin gudanarwa, riba za ta ragu a takarda ba bisa gaskiya ba. Tafiye-tafiyen mota ma kowa ya rubuta nasa, a 2025 santi 70 ake cirewa a kowane mil.

In kuwa mutum ɗaya ne mai sana'ar, ɗayan ma'aikaci, sai a biya shi albashi da takardar W-2, wato takardar albashin shekara, a cire harajin fansho da na lafiya, amma ba a biyan harajin rashin aiki na tarayya a kan albashin abokin aure. A duba saitin albashi, musamman in an shigar da shi tun kafin aure.

Batun zaɓin tsarin QuickBooks da za a saya: Solopreneur an yi ta ne don mutum ɗaya, Simple Start ma mutum ɗaya take bari ya shiga. Essentials tana ɗaukar uku, ita ce daidai ga yawancin ma'aurata. Plus tana ba da damar ware kuɗi rukuni-rukuni, amma sai in kowa yana riƙe da ɓangarensa ne za ta biya kuɗinta. Harajin ƙiyasi kuma, wanda ake biya kashi-kashi tun kafin a cike takardar shekara, na 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu, a sa shi a kalanda. Muna ba da shawarar a sayi QuickBooks Online, amma kafin a shigar da ciniki na farko a zauna da akanta ya tantance tsarin sana'ar, sannan a gayyace shi cikin manhajar, domin ba a ƙirga akanta cikin adadin mutanen da tsarin ke ɗauka.