Kola, Rumsiki ko Ujila: wanne za ka kashe wa kuɗinka?

A cikin waɗannan wuraren yawon buɗe ido uku na arewacin Kamaru, mai kwana biyu kacal a hannu ya nufi kwazazzabon Kola. Yana dab da garin Gidar, tsakanin Garwa da Marwa, inda kogin Mayo Luti ya daɗe yana cin dutse har ya fafe shi ya bar lungu mai zurfi. Dutsen baƙi ne mai ratsin fari, ya yi sumul kamar cikin turmi, kuma a wasu wuraren lungun kan matse har ka dafa bango biyu da hannuwanka. Da rani ake shiga, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya janye ya bar yashi a ƙasa. Da damina kada ma ka fara, domin ruwan da aka yi a can sama yana iya cika lungun alhali a kanka ko gajimare babu. Ka isa kafin ƙarfe 8 na safe, don da hantsi dutsen ya ɗauki zafi ba ya taɓuwa. Silifas kuwa santsi yake yi a kansa, sai takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane mutum.

Rumsiki, ƙasar ƙabilar Kapsiki, tana da duwatsu masu tsini da babu irinsu, amma daga garin Mokolo hanyar ƙasa ce mai gajiyar da mota, kuma idan hazo ya sauko a Janairu duwatsun da ka zo gani sai su ɓace. Nuwamba ta fi. Ujila, wajen garin Mora, gidan sarkin ƙabilar Fodoko ne a kan tudu, awa ɗaya ta ishe ka, kuma yankin sai an tambayi jandarmomi halin tsaro kafin a hau.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen 'yan rakiya. Kana sauka daga mashin a Kola samari za su yanyame ka, kowa na cewa shi ne jagoran wurin. Ka zaɓi ɗaya a gaban mai masaukinka ko wani dattijon ƙauyen, ku yanke kuɗi da sefa tun kafin a taka ko'ina, a kuma faɗi abin da kuɗin ya ƙunsa. In ba haka ba, a tsakiyar lungu za a ɓullo da kuɗin hoto, da kuɗin mai unguwa, da kuɗin yaron da ya riƙe maka jaka ba ka sa shi ba. Mai mashin kuma rabi za ka ba shi, sauran sai ya dawo da kai Gidar.

Kayan tagulla na Kapsiki ma a yi hattara. Ana shafa wa sabon ƙira toka da man takalmi a ce gadon kakanni ne. Goga shi da farin ƙyalle, in ya yi baƙi ka taya shi a kuɗin sabo.