Wata shida ina buga gem a kan Linux Mint, ga abin da na gani

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na ce na goge Windows daga laftof ɗina na sa Linux mutane ke ta tambayata wai to gem fa, yana yi? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta, dan wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura kullum bayan isha'i.

Laftof ɗin nawa ta hannu ce, HP EliteBook 840 G3, Core i5 ƙarni na 6, ram 8, babu wani katin hoto na daban sai ɗan Intel ɗin da ke jikinta. Windows 10 an daina tallafa mashi tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida sai ƙarni na 8 zuwa sama yake karɓa, to ka ga tawa an bar ta a tasha kenan, kuɗin sabuwa kuma a wannan yanayin ai sai dai mu yi addu'a. Wani abokina da ya karanta kwamfuta a jami'ar UMYU shi ya ce mani in gwada wani nau'in Linux mai suna Linux Mint 22, kyauta ne, ba a biyan lasisi, kuma za a ci gaba da sabunta shi har 2029. Fayil ɗin ya kusa giga 3, da datar dare na sauke shi, muka ɗora a filash, kafin mai shayi ya gama soya mana ƙwai an gama instolin.

Abu na farko da ya burge ni ba ma gem ba ne, shirun da fanka ta yi ne. Da can ko burauza na buɗe sai ka ji tana huci kamar mai hawan dutse, yanzu kam sai na shiga gem take motsi. Kuma Mint ba ya sauke sabuntawa da kanshi sai ka danna, wanda duk mai kunna hotspot da wayarshi ya san darajar wannan.

To yanzu maganar gem. Yawancin gem ɗin kwamfuta dan Windows aka yi su, to ta yaya suke tashi a nan? Kamfanin Valve masu Steam, shagon saida gem na onlayin, su ne suka fito da wani abu wai shi Proton a 2018, an gina shi a kan Wine, wata manhaja mai tada kayan Windows a Linux, shi Proton kamar tafinta ne, gem yana magana da yaren Windows shi kuma yana juya wa Linux nan take. Ɓangaren hoto kuma akwai DXVK da ke maida DirectX, yaren hoto na Windows, zuwa Vulkan wanda Linux ke ji. Kuma ba wasa suke da abun ba, dan na'urarsu ta hannu Steam Deck da ta fito a 2022 Linux ce a cikinta, kasuwarsu ta rataya a kanshi, dole su gyara. Ni dai abin da na yi kawai na sa Steam daga Software Manager, na shiga setin na kunna Steam Play, shikenan. Ban rubuta komai a baƙin allon nan na rubuta umarni da ake tsorata mutane da shi ba a ranar farko.

Tsofaffin gem su ne inda abun ya fi yi mani daɗi. GTA San Andreas, Need for Speed Most Wanted na 2005, PES 2013, duk ta Lutris na saka su, wata manhaja ce ta saka gem a Linux, ka nuna mashi inda fayil ɗin exe yake ya haɗa sauran. Ranar da PES ya fara tashi ƙanena yana tsaye a bayana ya riƙe hannun gem tun kafin hoto ya fito, yana cewa yaya ba zai yi ba fa, sai ga filin kore ya bayyana, sautin 'yan kallo ya cika ɗakin, yaron nan ya yi wani tsalle har ya kusa ture mani kofin shayi a kan kibod. Mun buga har batir ya mutu dan an ɗauke wuta tun la'asar. Hannun PS4 kuwa ina soka kebul ya kama, ko direba ban nema ba, haka shi ma ɗan tagwayen nan mai arha na USB da ake saidawa a Babbar Kasuwa, sai dai shi sai da na zauna na jera maɓallan da kaina dan a harmutse suka zo. PPSSPP na gem ɗin PSP lafiya lau yake gudu. PCSX2 na PS2 ma akwai, amma a tawa wasu suna ja kamar an ɗaure masu ƙafa, wannan kuma ƙarfin laftof ne, ba laifin Linux ba.

Manyan gem a wajen abokin nawa na gwada, shi yana da destof mai katin AMD RX 580. GTA V ɓangaren labari, Witcher 3, duk sun tashi sumul, in ba a faɗa maka ba ba za ka san ba Windows ba ce. Katin AMD da Intel direbansu yana zuwa a cikin tsarin tun farko, masu Nvidia ne sai sun shiga Driver Manager sun zaɓa.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar, kuma dan Allah a karanta wannan kafin wani ya je ya goge kwamfutarshi ya dawo yana zagina. Mu nan Katsina in an ce gem ai bal ake nufi. Sababbin EA Sports FC ba sa yi a Linux, saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsu tana shiga can cikin zuciyar Windows ne, Proton ba ya iya kwaikwayonta. Haka Valorant, haka Fortnite. GTA Online ma tun da aka sa mashi manhajar hana maguɗi ta BattlEye a Satumba 2024 ya daina shiga, Apex Legends shi ma a shekarar aka rufe wa masu Linux ƙofa. Wannan ba wani setin da za ka taɓa ya gyaru, masu gem ɗin ne ba su buɗe ba. Wani mai gem-senta a Sabuwar Unguwa ya tambaye ni ko ya maida kwamfutocinshi biyu Linux saboda bairos ɗin filash ya dame shi, na ce mashi a'a Alhaji kada ka soma, yaran da ke kawo maka kuɗi sabon bal suke so, ranar da suka zo babu za su wuce shagon gaba ne. Counter-Strike 2 da Dota 2 dai suna da na Linux kai tsaye, ga wanda ke da netwok mai kyau.

Sai data. Proton da kayan da yake tafe da su sun haura giga ɗaya kafin ma ka sauke gem ko ɗaya, sannan Steam yana yawan sauke wasu ƙananan fayilolin hoto da ake kira shader, in ka buɗe gem ya tsaya yana ta lissafi kafin ya shiga. Ana iya kashe wannan a setin na Downloads, ni na kashe, gem yakan ɗan yi tsalle-tsalle a mintunan farko sannan ya daidaita.

Wani abu da ya ci mani kwana biyu, tsohon had disk ɗina na waje tsarin NTFS ne na Windows, na nuna wa Steam gem ɗin da ke ciki, in na danna Play sai ya yi kamar zai tashi ya koma. Ashe Proton ba ya shiri sosai da NTFS, da na kwafe su zuwa ɓangaren ext4, wato tsarin Linux, take suka tashi. Masu laftof ɗin da ta girmi tawa kuma, irin ƙarni na 3 ko na 4, Vulkan ɗinsu bai cika ba, sai an sa PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a wajen Launch Options dan ya bi ta OpenGL, kuma gudun yakan ragu.

Shawarata kafin ka sayi gem ko ka ƙona data a kanshi, ka shiga shafin ProtonDB ka rubuta sunanshi. Mutane ne ke gwadawa suna ba da rahoto, Platinum da Gold ka shiga da ƙarfinka, Silver sai da 'yan dabaru, in ka ga Borked ka haƙura kawai. Ka sa manhajar Heroic ma, ta nan ake shiga shagon gem na Epic, su kuma duk ranar Alhamis suna ba da gem kyauta, na tara sun fi goma ban biya ko sisi ba.

Ni dai a ma'aunina bakwai cikin goma na ba shi, ukun nan da na cire bal ne da onlayin suka cinye. Laftof ɗina ta zauna a Mint kuma ba ni da niyyar komawa. Wanda ke shakka ya raba had disk ɗinshi gida biyu ya bar Windows a gefe, ko ya fara tada Mint daga filash ba tare da instolin ba, ya duba ko wayfay da sauti da hannun gem ɗinshi sun kama tukuna. In kana cikin gari ka kawo filash mai giga 8 majalisa bayan isha'i in ɗora maka.