Neman sabuwar manhaja daga Garwa: inda nake zuwa da inda nake tsallakewa

Kusan kowace safiya wani ƙaramin kamfani yana fitar da sabuwar manhaja a intanet, wata ta lissafin shago, wata ta gyaran hoto, wata ta mayar da murya rubutu. Yawancinsu ba za ka taɓa ganin tallarsu ba. Play Store ma ba ya sa su a gaba, abin da miliyoyin mutane suka riga suka sauke shi yake fara nuna maka. To mai shagon buga takardu irina, ko ɗalibar jami'ar Marwa, ko telan da yake son ajiye awon mutane a waya, ina zai nufa? Akwai shafukan da aikinsu ke nan, amma ba duka aka yi su da irinmu a rai ba, kuma data ba ta da arahar da za a ɓarnatar wajen yawo.

Wanda kowa ya fi sani shi ne Product Hunt, wanda Ryan Hoover ya kafa a Amurka a 2013. Masu manhaja suna kawo kayansu, jama'a na jefa ƙuri'a, wanda ya fi samu ya hau sama a ranar. Ranarsu tana farawa da sha biyun dare a agogon yammacin Amurka, wato takwas ko taran safe a nan Kamaru, gwargwadon lokacin shekara. Wurin kallo ne mai kyau, ban musa ba, za ka san inda duniyar ta dosa. Sai dai ƙuri'ar ranar farko ba ta nuna ingancin kaya. Tana nuna yawan abokan mai kayan ne da ƙwazonsa wajen gayyato su, kuma mai jefa ta sau da yawa bai ko buɗe manhajar ba. Ga farashi: kusan komai biyan wata-wata ne da dala ko yuro, ta katin banki. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya motsi. Manhajar yuro 10 a wata ta tashi 6,560, a shekara kusan jaka 79. Wannan kuɗin katan-katan na takarda ne a shagona. Kuma da wuya ka ga wadda take karɓar Orange Money ko MTN MoMo.

BetaList shafin kayan da ba a gama haɗawa ba ne, ka bar adireshinka ka jira, sau da yawa shiru. Sashen Show HN na shafin Hacker News, inda ake nuna sabon abin da aka haɗa, yana da masu faɗin gaskiya ba kwana-kwana, amma masu rubuta manhaja ne ke zance da 'yan'uwansu cikin Turanci mai nauyi. AppSumo kuwa, mai sayar da lasisin da ake cewa na har abada ne da biya ɗaya, ina ba da shawarar a yi nesa da shi. Suna mayar da kuɗi yawanci cikin kwana 60, gaskiya ne, amma wannan har abadan tsawon ran kamfanin ne, ba naka ba, kuma ƙananan kamfanoni suna mutuwa da yawa.

A kan wannan mutuwar ma'aunina ya tsaya. Akwai wata manhajar rubuta bashi da na yi aiki da ita a shago, mai kyan fasali, kyauta. Makarantu da ƙungiyoyin da nake buga wa takardu suna biya ƙarshen wata, duk a ciki nake rubutawa. Kamfanin ya rufe ba sallama. Ashe lissafin ba a wayata yake zaune ba, a can rumbunsu yake, kuma ba su taɓa sa hanyar fitar da shi ba. Na buɗe, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a tsakiyar allo, shi ke nan. Wasu abokan ciniki masu tsoron Allah suka kawo abin da suka san ana binsu, wasu kuma sai in mun haɗu gobe ƙiyama. Shi ya sa tambayata ta farko ga kowace manhaja ita ce: in kun tafi, me za ku bar mini? Zan iya fitar da bayanaina su zama fayil ɗin da LibreOffice ko Excel zai buɗe? Ta biyu, tana aiki in rezo ya ɗauke ko forfen data ya ƙare? Kyan fasali a bayan waɗannan yake.

Shafin da ya fi amsa mini waɗannan tambayoyi shi ne AlternativeTo, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Wasu 'yan Suwidin biyu suka fara shi a 2009. Dabararsa ta bambanta da ta sauran tun daga ƙofa: ba ya ce maka ga sabon abu na yau, kai ne za ka zo da buƙatarka. Ka rubuta sunan manhajar da ka sani, wadda ta yi maka tsada ko ta yi wa wayarka nauyi, sai ya jero maka waɗanda suke irin aikinta, bisa zaɓin mutanen da suka yi amfani da su shekara da shekaru. Sannan ka tace. Ka ce ta Android kawai, ko ta Windows. Ka ce ta kyauta. Ka ce wadda aka buɗe asalin rubutunta kowa yana iya dubawa, irin wadda ko mai ita ya gaji wani zai iya ɗauka ya ci gaba. Abin da ya fi kwanta mini a rai, manhajar da aka daina kula da ita ana manna mata alama a fili cewa an dakatar. Ƙasa kuma akwai ra'ayoyin masu amfani, har da masu ƙorafi, kuma nasu nake fara karantawa.

Gwada rubuta Photoshop. Za ka ga GIMP da Krita, na kyauta da ake sa wa a kwamfuta su yi aiki ba intanet, za ka ga Photopea, wanda wani matashi mazaunin ƙasar Cek, Ivan Kutskir, ya rubuta, yana buɗewa a burauza kuma yana karanta fayilolin Photoshop. Da shi nake gyara katin biki in aka kawo mini wanda aka tsara a wani wuri. Rubuta Xender ko SHAREit, za ka ci karo da LocalSend, mai tura fayil tsakanin waya da kwamfuta a kan Wi-Fi ɗaya, ba talla, ba cin data. Rubuta Google Maps, ga Organic Maps: ka sauke taswirar Kamaru sau ɗaya, ta raka ka hanyar Ngaundere ko ta Kuseri ko babu sanda ɗaya ta rezo. Ta irin wannan bin sawu na san Kiwix, mai ajiye Wikipedia a cikin waya, har da ta Hausa. Ba ɗayansu da na taɓa ganin ana tallarsa.

Aibin AlternativeTo, da Turanci yake. Mai Faransanci ya leƙa Framalibre na ƙungiyar Framasoft ta Faransa. Jerinsa bai kai yawa ba, amma tsabtatacce ne. Kuma AlternativeTo ba rumbun saukewa ba ne, hanya yake nuna maka zuwa shafin mai kayan. Ga masu Android, abokin tafiyarsa shi ne F-Droid, wanda yake aiki tun 2010: manhajojin kyauta zalla, ba a buɗe asusu, kuma suna rubuta gargaɗi a jikin duk wadda take da talla ko take bibiyar mai waya. Ba ya cikin Play Store, daga f-droid.org ake ɗauko shi, kuma daga nan kaɗai.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce inda mutanenmu suke faɗawa rami, don haka bari in daɗe a kanta. Yawancinmu ba a waɗancan shafuka muke samun sabuwar manhaja ba. A zaurukan WhatsApp da Telegram ake turo ta, ko a rumfar mai loda wa mutane kaya a kasuwa. Ka miƙa waya, ya jona ta da kwamfutarsa, ya zuba maka manhaja goma da wa'azi da waƙoƙi a ɗari biyar. Shi kansa bai san abin da ke cikinsu ba, wani ne ya tura masa. Fayil ɗin APK, wato kunshin manhajar Android, da aka ce an fasa shi ya zama kyauta, wanda ya fasa shi ya sami damar cusa abin da ya ga dama. GB WhatsApp da 'yan'uwansa ba na kamfanin WhatsApp ba ne, kuma kamfanin yana rufe layin masu amfani da su. Ɗan kasuwar da duk cinikinsa ke kan lamba ɗaya ya auna wannan.

Duba izinin da manhaja take nema. Fitila ko na'urar lissafi da ta ce sai ta karanta saƙonninka, ko sai ka ba ta ikon sarrafa allon waya, cire ta nan take, don ta saƙo lambobin tabbatarwa suke shigowa. Manhajojin bashin gaggawa da ke kwashe lambobin mutanenka su riƙa aika musu cin mutunci in ka makara, abin ya kai tun 2023 Google ya hana irinsu a Play Store taɓa lambobi da hotuna. Waɗanda ke yawo a zauruka ba dokar da ta hau kansu. Sai masu shigar sabon kamfanin fasaha, da tambari mai sheƙi da matakan VIP: sa jaka goma, danna talla kullum, ci riba, kawo mutum uku a ƙara maka. Wannan ba manhaja ba ce, kuɗin na baya ake ba na gaba har ranar da shafin zai ɓace. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai karɓar ajiyar jama'a a ƙasashenmu na sefa na tsakiyar Afirka yana ƙarƙashin COBAC ne, hukumar kula da bankuna, mai tallar zuba jari kuma COSUMAF, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Wanda ya kasa nuna izininsa, riƙe kuɗinka.

Ko a binciken Google akwai tarko. Sakamakon farko sau da yawa talla ce da aka biya, kuma 'yan damfara kan sayi wurin da shafi mai kama da na asali, harafi ɗaya ne ya bambanta. VLC mai kunna bidiyo daga videolan.org yake, LibreOffice daga libreoffice.org. Fayil ɗin da ka yi shakka, ɗora shi a VirusTotal, masu gano ƙwayar cuta fiye da sittin su duba shi kyauta. Gwajin kyauta da ya nemi lambar kati, rubuta ranar ƙarewarsa a takarda ka soke kafin ta zo, in ba haka ba za su cire da kansu. Lambar sirrin Orange Money ko MoMo kuwa, ba sabuwar manhajar da ke da hujjar tambayarta. A manhajar kamfanin layinka ko a lambar da kake dannawa da hannunka kawai ake shigar da ita.