SIMULATeQCD: manhajar auna zafin da kwak ke kwancewa

Ɗalibanmu na fiziks a Jidda da Riyadh na yawan tambaya ko wannan manhaja ta cancanci wahalar da ake sha kanta. Ta cancanta, in dai akwai katin GPU mai ƙarfi a hannu.

Ƙungiyar HotQCD ce ta rubuta ta da C++, kyauta take a GitHub, kuma sai an tanadi manhajojin CMake da MPI da CUDA (ko HIP) kafin ta haɗu. Aikinta shi ne kwaikwayon kwak (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin furoton da nutiron) da gulon (masu ɗaure su tare) a kan raga mai fuska huɗu, uku na sarari ɗaya na lokaci, don a gano zafin da ke sa su daina zama a ɗaure cikin furoton da nutiron. HotQCD ta samu MeV 156.5 ± 1.5 a 2019 (MeV ma'aunin makamashi ne da ake auna zafi da shi a fannin), ƙungiyar Wuppertal da Budapest kuma ta samu 158.0 ± 0.6 a 2020. Wajen digiri tiriliyan 1.8 ke nan a ma'aunin Kelbin, kuma sauyin a hankali yake zuwa, kamar man shanu a rana.

Kada a fara da kwak. A soma da gulon zalla a kan raga 16×16×16×4 da tsarin lissafi na Wilson, a riƙa ɗaga beta (lambar da ke saita zafi) daga 5.6 zuwa 5.8 ana auna madaukin Polyakov (ma'aunin da ke nuna an kwance ko ana ɗaure). Zai yi tsalle a kusa da 5.69. In bai yi ba, akwai kuskure a saiti. A nan manhajar ta fi burge mu, don kati ɗaya ya isa.

Da an shigo da kwak na HISQ (wata hanyar ɗora kwak a kan raga), lissafi ya sake. Kowace mahaɗa, wato inda layukan raga suka haɗu, na cin bayit 576, don haka raga 48×48×48×12 na cin kusan megabayit 764 a kwafi guda, alhali RHMC, hanyar da ke samar da samfuran raga, na riƙe kwafi da yawa lokaci ɗaya. Ƙwaƙwalwar ƙaramin kati nan da nan take cika. Ga kuma zafin Jidda: kati a ɗakin da AC ba ya sanyi sosai zai rage gudu da kansa. Irin wannan aiki na manyan injuna ne, kamar Shaheen III na KAUST a Thuwal.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga ƙololuwa mai nuna wurin sauyin a raga ɗaya a ce an samu amsa. Zafin ya dogara da tazarar raga da yawan layukan lokaci (lamba ta ƙarshe a girman raga), saboda haka dole a maimaita da layuka 6, 8, 12 da 16, sannan a miƙa sakamakon zuwa tazarar sifili. A zubar da samfuran farko, waɗanda ba su daidaita ba tukuna, a kuma tara na jere rukuni-rukuni kafin lissafin kuskure, don maƙwabta kama suke da juna.

Raunin manhajar shi ne bayaninta na wanda ya riga ya san fannin ne. Sabon shiga sai ya nemi malami ya zauna da shi kan fayil ɗin saiti, layi bayan layi.