Yaɓen makuba ko filastar siminti a tsohon zaure?

Malam, tun da zauren da kuke son gyarawa a ƙauyen naku ginin tubali ne mai rufin azara, shawarata ita ce ku yi masa yaɓen makuba, wato yaɓen ƙasa da ake kwaɓawa da jiƙon ɓawon ɗorawa, kada ku bari siminti ya taɓa bangonsa.

Zauren gidanmu kakanmu ne ya gina shi, kuma da makuba muke riƙe da shi har yau. Tun bazara mata suke tara ɓawon ɗorawa, idan an gama aikin kaka sai a kira gayya, a daka ɓawon a jiƙa, matasa su haƙo jar ƙasa su tattake ta da ƙafa, sannan wani dattijon magini ya tsaya a kansu yana nuna musu yadda ake murza yaɓen da tafin hannu. Idan ya bushe bangon yakan yi duhu, ruwan damina ya riƙa zamewa a kansa, kuma ko a tsakiyar zafin watan Afrilu mutum zai zauna a ciki bai nemi mafici ba. Gaskiya ne sai an sabunta shi duk bayan 'yan shekaru, amma a wurin sabuntawar ne yaranmu suke koyon sana'ar, domin maginan da suka iya ta suna ƙarewa. Da irin wannan haɗin hannu mutanen Yama ta jihar Tawa a Nijar suka tayar da masallacinsu na ƙasa a 1962, ginin da ya samu lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Siminti kuwa yana da sauri, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ba ya kama jikin ƙasa, kuma da zarar ya tsage ruwa zai shige bayansa ya rasa mafita, tubali ya yi ta narkewa a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓalle da guntun bango.

Saman rufin kuwa laso, wato simintin gargajiya, ya fi dacewa da shi, idan kun samu mai haɗa shi da katsi (guibin karofi) da gashin jima da dafara (wani tsiro mai yauƙi), kuma ku tabbata indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin gini.

Ku yi hattara da masu sayar da azara, domin wasunsu suna cusa tsagin tsakiyar giginya mai laushi a cikin dami, wanda gara ba ta daɗewa take cinyewa. Ku tafi kasuwa da maginin da kansa, a kwance damin a gabansa, ya ɗaga kowace ya zaɓi mai nauyi da baƙar jijiya kafin ku biya kuɗi.